Yadda Gadarmu Ta Koma Benci

Ranar Talata da safe na yi wanka sau biyu. Na farko a gida, da bokiti da sabulu, kamar kowane magidanci. Na biyu a cikin kanal, da riga da hula da tef ɗin awo a wuya, a gaban 'yan makaranta kusan ashirin, ciki har da 'yar cikina. Na fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan ruwa ya tafi da shi wajen lambuna, kuma ina kyautata zaton shi ne na farko a garin nan da ya bi sabuwar hanyar tattakinmu don raɗin kansa.

Bari in dawo baya kaɗan, don kada ku ce tela ya fara zaucewa.

Tsakanin unguwarmu da makarantar yara akwai kanal, wato magudanar da ke ɗebo ruwa daga kogi tana kai wa masu lambu. Faɗinta ƙafa goma sha huɗu, ni na auna. Shekara goma sha biyar da suka wuce maƙwabcinmu Kafinta ya tara mu, muka ɗora dogayen katakai shida masu kauri daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba ta da kyau, ba ta da fenti, amma daga ƙofar gidana zuwa ajin 'yata minti biyar ne. Ko akuya ba ta taɓa faɗawa daga kanta ba.

Sai bara manya suka yi bincike, suka gano wani babban ciwo da ke damunmu wanda mu ba mu sani ba: wai mutanen garin nan ba sa tafiya a ƙasa. Mu! Mu da ko allura ce ta ƙare sai mun taka har kasuwa. Wanda ya gano wannan ciwo, Allah ya ƙara masa basira, ya zo ya sanar da mu ne cikin mota, da wasu motoci huɗu a bayansa, kuma da ya gama jawabi motar ce ta matso har bakin rumfa don kada ya wahala.

Maganin da aka rubuta mana shi ne Hanyar Tattaki da Shan Iska. Ta tashi daga bakin kogi, ta bi gefen kanal, ta zagaye tafki biyu, ta haura ta babbar gadar mota, ta dawo ta ɗaya gefen. An zuba jar tsakuwa. An kafa alluna masu kibiya. Akwai allon da ya ce, "Tsaya ka saurari kukan tsuntsaye." Akwai wanda ya ce, "Ja numfashi." Shekarata arba'in da bakwai ina jan numfashi ba tare da izini ba, ashe ganganci nake yi.

Ban ƙi ba, wallahi. Wurin ya yi kyau. Da yamma idan rana ta sauka a kan tafki, balbelu suna dawowa, sai ka ji kamar ba ka da matsala a duniya. Matsalar ita ce, ana saura kwana uku Mai Girma Mai Almakashi ya zo yanke ƙyalle, wani daga cikin masu riƙe masa jaka ya zagaya, ya ga gadarmu, ya ce za ta ɓata hoto. Kafin azahar an kwashe ta. Aka kafa dutse a wurin, aka manna masa farin ƙarfe da rubutu: a nan za a gina gada ta zamani. Aka kafa allo da hotonta, ga fitilu, ga wasu mata da miji suna tafe a kai suna dariya da kare a igiya. Wata goma sha ɗaya ke nan. Matar da mijin har sun koɗe a rana, amma ba su daina dariya ba.

Tun daga ranar, yaron da zai je makaranta sai ya bi Hanyar Tattaki har babbar gada ya zagayo. Awa ɗaya da minti goma, in bai tsaya sauraren tsuntsaye ba.

'Yata shekararta goma sha uku. Lauya muke kiranta, don tun tana aji ɗaya ba a taɓa ce mata "tashi" ta tashi ba sai ta ji dalili. Bana za ta zana jarrabawar da za ta raba ta da irin karatuna, ni da na tsaya a aji uku na sakandare na koma kan keken ɗinki. Da farko ƙarfe shida da rabi take fita, ta isa a gajiye, wani lokaci a makare, a sa ta shara. Sai kwanan nan muka ga ta koma fita bakwai da rabi, kuma ba ƙorafi daga makaranta. Ni har na fara murna, na ce yarinya ta iya sauri.

Uwarta ce ta kawo mini safarta daga wanki, ta shimfiɗa a kan teburin yanka.

"Baban Lauya, tsatsa a tafin safa, daga ina?"

"Ƙila igiyar shanya ce."

"Igiyar shanya ta roba ce. Kai dai ka bi 'yarka gobe."

Na bi ta. Na laɓe a bayan dutsen gada ta zamani, wanda aƙalla ya yi wannan amfanin. Can ƙasa kaɗan akwai bututun ƙarfe da ke kai ruwan famfo wancan ƙetare. Faɗinsa inci goma sha ɗaya, shi ma daga baya na auna. Yara sun yi layi. Kowa ya cire takalmi ya rataya a wuya, ya ɗora jaka a ka, ya buɗe hannu, ya hau. Na ga Lauya ta hau. Ban yi ihu ba, don na san in na yi ihu za ta waiwayo. Na tsaya ina ƙirga takunta. Taku goma sha tara. A na goma sha ɗaya ta ɗan karkace, sannan ta daidaita.

Da ta sauka sai fushi ya zo mini a madadin tsoro. Na ce yau sai na kama kunnenta a gaban ƙawayenta. Na hau bututu. Taku uku na yi.

Ruwan ya kawo mini ƙirji. Ni dogo ne. Ita da ya shanye kanta, kuma ranar ba a ma buɗe ƙofar ruwa ta sama ba. Ranar da aka buɗe, ruwan nan jaki yake ɗauka.

Ina cikin lalubar gaɓa sai na ji busa. Maigadin hanya ne, wanda yara suka sa wa suna Usur, ya taho da gudu yana nuna allo.

"Malam! Malam! An hana wanka a nan!"

"Ka ga sabulu a hannuna?"

"Ni dai allo ya ce an hana shiga ruwa."

"To miƙo hannu ka fitar da ni, sai doka ta huta."

Ya fitar da ni, Allah ya saka masa. Lauya tana wancan ƙetare, ta rufe baki da hannu biyu. Har yau ta rantse kuka take yi.

Laraba na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na tafi neman wanda gada take hannunsa. Na fara da Ofishin Ruwa Mai Gudu, masu kula da kogi da kanal. Wani bawan Allah mai biro uku a aljihu ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Gadar nan da kake magana, tana taɓa ruwa?"

"A'a, ranka ya daɗe, a samansa take."

"To ba tamu ba ce. Mu daga fuskar ruwa zuwa ƙasa ne namu. In ta faɗa ciki ka dawo, za mu buɗe mata fayil."

"In yarinya ce ta faɗa fa?"

"Allah ya kiyaye. Ita ma sai a buɗe mata."

Ƙofa ta gaba Ofishin Ruwa Mai Kwanciya ne, masu kula da tafkuna. Su ban ma zauna ba. Suna jin kalmar kanal suka ce ruwan da ke motsi ba ya cikin aikinsu, kuma da na dubi ɗakin na yarda, don ko fanka ba ta motsi.

Na ƙarshe shi ne Ofishin Tattaki da Shan Iska, hawa na biyu. Shugaban wurin mutum ne mai fara'a, mai tumbi, da takalmin gudu sabo fil a ƙarƙashin tebur, har takardar kanti ba a cire ba. Zan kira shi Uban Tafiya, don ya cancanta. Ya ba ni kujera, ya ce in faɗi damuwata kamar a gida.

Na faɗa. Ya ce hanyarsu tana bin gefen kanal ne, ba ta gitta shi, saboda haka duk abin da ya gitta ba nasu ba ne. Sannan ya tashi ya kai ni gaban wata babbar takarda a bango, mai jan layi da ya miƙe sama kamar hayaƙi.

"Ka ga wannan? Mutum ɗari uku ke bin hanyarmu kullum da safe. Ɗari uku da rana. Ba garin da ya kai mu. Har daga sama an yaba."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa suke bi?"

"Shida zuwa bakwai. Sai biyu zuwa uku."

"Da farar riga da shuɗin wando?"

"Ka san su ke nan!"

"'Ya'yanmu ne. Makaranta suke zuwa."

"Ma sha Allah. Ka ga an kama su tun suna ƙanana." Ya dafa kafaɗata, ya rage murya kamar zai ba ni sirri. "Malam, kai mai hankali ne. In aka sa gada a wurin nan, wa zai bi hanyar?"

Na sauko daga benen nan a hankali. Wata goma sha ɗaya ina zaton mantawa aka yi da mu. Ashe ana sane da mu sosai, har ƙirga mu ake yi safe da rana.

A gida na kafa doka: ba bututu. Lauya ta ajiye cokali.

"Baba, darasin farko lissafi ne. In na zagaya, rabinsa nake samu."

"Ki fita da wuri."

"In na fita da wuri ina barci a darasi na biyu."

"Gara ki yi barci a aji da a tsamo ki a lambun wani."

"To in na faɗi jarrabawa, wa za a ce ya faɗi, ni ko hanya?"

Uwarta ta dube ni, na dubi kwano. Na ce gobe ni zan raka ta, in nuna mata tafiyar ba komai ba ce.

Alhamis muka fita shida saura. Wajen tafki na farko ina ba ta labarin yadda muke tafiya muna yara. Wajen tafki na biyu na daina magana. Gwiwar da ke taka keken ɗinki shekara talatin ta ce ita ba da ita aka yi wannan alkawari ba. Akwai benci a bakin tafkin, dogo ƙwarai, na zube a kai. Lauya ta zauna gefena tana shafa katakon, sai ta tsaya.

"Baba, tashi."

"Sai na ji dalili."

"Gadarmu ce ka zauna a kai."

Ta nuna mini. An shafa koren fenti, amma ga gurbin da kofaton shanu suka ci, ga ƙonewar da wani mai shayi ya taɓa yi da ya ajiye murhu, ga layin da tayar baro ta sassaƙa a tsakiya. Na zaro tef. Ƙafa goma sha shida cif. Can gaba akwai wani benci irinsa, can kuma wani. Katako biyu-biyu, benci uku.

Da na kai ta makaranta, shagon Kafinta na wuce ko gida ban biya ba. Yana ganina ya ajiye zarto.

"Maƙwabci, na san ranar nan za ta zo."

"Kai ka yi wa gadarmu ƙafafu?"

"Kawo mini su aka yi a mota, aka ce in yanka in yi benci goma sha biyu. Na ɗora zarto sau uku, hannuna ya ƙi. Katakon da na zaɓo da kaina! Sai na ce musu ai yanzu a manyan ƙasashe dogon benci ake yayi, gajere na talakawa ne. Nan take suka ce kar in kuskura in yanka."

Ya buɗe akwatin ƙusa, ya zaro takardar aikin da aka ba shi, duk ta sha mai. Ya ce in karanta layi na ƙarshe. An rubuta: a ajiye kowane benci a inda mai zama zai ga ruwa da kyau.

Muka dubi juna, ni da shi.

Asabar da hantsi, rana tsaka, kowa na gani, magidanta goma sha biyu muka ɗauko benci uku a kafaɗa. Muka bi kibiya, don kada a ce mun karya doka. Muka shimfiɗa su gefe da gefe daga wannan gaɓa zuwa waccan, a kan tsohon simintin da gadar take zaune. Kafinta ya cire ƙafafun tsakiya, ya haɗe su ta ƙasa da giccen katako. Yana buga ƙusa ta ƙarshe muka ji busa.

"Wa ya ba ku izinin gina gada?"

Kafinta ya waiwaya hagu da dama. "Wace gada? Usur, kai ma ka san gada tana can a hoto. Wannan benci ne. Ga fentinku, ga lambarku a jiki." Ya miƙa masa takarda. "Nuna mini inda ake ganin ruwa da kyau fiye da nan."

Usur ya karanta, leɓensa na motsi. Ya sosa ƙeya. Ku sani shi ma 'ya'yansa biyu a makarantar nan suke, kuma ƙaramar ko tsayin teburin yankana ba ta kai ba.

"To na ji benci ne. Amma doka ta tara ta ce ba a taka benci. Zama ake yi. In na ga mutum yana tafiya a kai, dole in rubuta."

Lauya ce ta matso, ta rusuna masa.

"Kawu, in mutum zai zauna a tsakiyar benci, ta ina zai bi ya je?"

"Ta... kai."

"In ya gama zama fa, dole ta inda ya zo zai sauka?"

Usur ya dubi littafinsa. Sannan ya rufe shi.

"Ni dai abin da idona zai gani shi ne zama. Duk wanda bai zauna ba, ni da shi ne."

Haka aka yi. Yanzu duk mai ƙetarewa, yaro ko babba, in ya kai tsakiya sai ya zauna, ya sako ƙafafu, ya dubi ruwa, ya tashi ya wuce. Mai baro yana ajiye baro ya zauna. Jiya na ga wata tsohuwa da tulu a ka ta zauna, ta ce wa ruwan "sannu," ta miƙe. Awaki ne kawai suka ƙi bin doka, kuma Usur ya ce zai rubuta su.

Litinin sai ga Uban Tafiya da kansa, don jan layinsa ya faɗo ƙasa dare ɗaya. Ya sauko daga mota fuska a murtuke. Ni ina bakin kanal, ina lissafin taku goma sha tara na kan bututu. Ya tarar da layin yara, kowa na zama yana tashi. Usur ya ƙame, ya miƙa littafi.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗari shida da goma sha huɗu suka zauna a bencinmu yau. A da sati guda ba ma samun biyar."

Uban Tafiya ya dubi lambar. Na ga fuskarsa tana warwarewa kamar an sa mata dutsen guga. Ya tambaya ko akwai wani gari mai benci a kan ruwa. Aka ce babu. Ya ce dama tun farko abin da yake nufi ke nan, ma'aikata ne ba su fahimce shi ba. Muka ce ƙwarai, kowa ya shaida. Ya taka har tsakiya, ya zauna da ƙyar, ya sako ƙafafu don a ɗauke shi hoto. Sai ya dubi ƙasa. Ranar an buɗe ƙofar ruwa. Ya damƙi katako da hannu biyu, ya ce a zo a tashe shi.

Da ƙafarsa ta taka ƙasa ya share gumi, ya yi faɗa sosai. Wane irin sakaci ne a bar benci ba majingina? In wani babba ya zo zama fa? Nan take ya ba da umarni a kafa ƙarfe hagu da dama, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mai tsayi har ƙugu, wanda mai zama zai jingina kuma ya riƙe in zai tashi. Shekara goma sha biyar muna son a sa wa wurin nan abin riƙewa ba mu samu hali ba. Shekaranjiya masu walda suka gama, har da fenti.

Lauya tana fita bakwai da rabi, safarta fara tas, kuma ta ce an fara sabon babi a lissafi wanda ba zan gane ba ko ta yi mini bayani. Ni kuma na koma cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

Roƙona ɗaya ga masu karatu. In hanya ta biyo da ku garinmu, ku zo ku zauna, wurin akwai iska. Amma in kun ga wani mai tumbi da sabon takalmin gudu yana nuna wa baƙi aikinsa, ku yaba masa benci iya ƙarfinku. Mutumin kirki ne, kuma akwai abubuwan da bai kamata a ɗaga masa hankali da su ba.